Huji Uku a Wuyan Fata

Duk wanda ya girma a Wudil ya san Maikano majemi. Ko bai san fuskarsa ba, ya san warin jimar da ke binsa har masallaci. Ni maƙwabcinsa ne, na shaƙi warin nan har na daina jinsa.

Gidansu suna da al'ada. Duk fatar jar akuya da suka jeme, sai sun yi mata huji uku da basilla a gefen wuya. Asalin abin, ƙanen kakansa Inuwa ne ya bi ayari da fatu ya yi arewa, bai dawo ba. Uwar Inuwa ta ce a riƙa huda fatun, duk ƙasar da yake, in ya ga hujin zai san gida na jiransa. Ta rasu, aka ci gaba. Maikano ya sha faɗa min yana jin ana taɓa fatun da ya shanya, alhali ko iska babu.

Bara wani ɗalibin jami'a, Garzali, mai bakin da ba ya hutawa, ya zo sayen buzu. Ya ce Turawan Ingila suna da wata tsohuwar kalma da ba a cika ji ba, maroquin, sunan jemammiyar fatar akuya irin ta Maikano. Daga Faransanci suka aro ta, ita kuma daga sunan Maroko, don ta can fatu ke bi su haye teku, ko da a ƙasar Hausa aka jeme su.

"Wato sunan zango aka ba ta," in ji Maikano. "Hujin fa, yaro? Ana ganinsa a can?"

"Haba Baba, ai gefen wuya ake fara datsewa a yar."

Wallahi na so in kwaɗa wa yaron nan mari. Kowane baduku ya san haka, amma ba wanda ya taɓa faɗa wa Maikano a fuska.

Tun ranar ya koma yin hujin a tsakiyar bayan fata, inda ba mai iya datsewa. Dukawa suka daina saye, matarsa Hansai ta yi faɗa har ta gaji. Tausayi ya kama ni, na same shi a majema na ce, "Malam Maikano, Inuwa fa ya daɗe a ƙasa."

Bai ajiye basillar ba.

"Na sani, maƙwabci. To wa ke taɓa fatun?"