Shekarar da Muka Yi Odar Shara

Shekarar da wata ƙungiya ta ba makarantarmu ta Bolori tallafin kula da muhalli, ni hedimasta ya ɗora wa kulob ɗin yara, wai ya sha ganina ina ba itacen dogon yaro ruwa. Ni kuwa alwala nake yi a gindinsa.

Aka kawo mana durom-durom masu launi da tsintsiya da korayen riguna. Sharaɗin ci gaba da tallafin baɗi shi ne baƙi su zo ƙarshen zango su ga tulin ledar da yara suka tsince. Yaran nan suka ɗauki abin da zafi. Kafin wata ya mutu, ƙuda in ya sauka filinmu da yunwa yake komawa gida. Ledar fiya wata ba ta kai ƙasa, a iska ake cafke ta. Ɗan abin da muka tara kuma, mai gadi ya banka masa wuta, wai taimako.

Hedimasta ya leƙa durom ya ga wayam, ya riƙe kai. Na ce masa ai nasarar ke nan. Ya ce, "Malam, nasarar da ba a gani, wa zai biya ta?" Ya ba da umarni kowane yaro ya riƙa zuwa da shara daga gida.

Nan kaina ya ɗaure. Da safe in koyar da illar leda, washegari in tsaya bakin ƙofa ina yi wa wanda ya zo hannu rabbana faɗa. Wata uwa ta tambaye ni ko sharar a madadin kuɗin makaranta ce. Labari ya bazu, har daga Lamisula ake aiko mana buhuna a keke Napep. Na rantse direbobin jirgin saman da ke sauka wajen Gomari da tulinmu suke gane hanya.

Ranar ziyara, matar da ƙungiyar ta turo ta zagaya tulin hanci a toshe. Ni dai na saddaƙar an rufe kulob, ina tunanin da wace fuska zan gaya wa yara. Sai ta ce tunda take yawo ba ta ga makarantar da ke buƙatar wayar da kai kamar tamu ba. Ta ƙara mana shekara guda.

Da ta tafi na tambayi hedimasta, baɗi sharewa za mu yi ko tarawa. Ya ce in bari ya yi tunani. Har ya yi ritaya bai gama ba.