Kwana Biyu Kan Keke a Gonakin Inabin Ɗa'ifa

Alhamis: Jidda zuwa Ɗa'ifa

Ƙarfe huɗu saura kwata, tun kafin kiran assalatu, muka bar Mahjar, unguwar da nake aikin gyaran keke a kudancin Jidda. Mu uku ne: ni, da Mamman ɗan Cadi mai wanet, wato ƙaramar motar kaya, sai Ammu Salisu, wanda dominsa aka yi tafiyar. Kekuna biyu masu kaurin taya, irin na hawan dutse, muka ɗaure a baya. Mako biyu na yi ina harhaɗa su.

Bari in gaya wa na gida ko wane ne Ammu Salisu, Ammu kuwa baffa ke nan da Larabci. Haihuwar Jidda ne, ya kusa sittin. Mahaifinsa, Malam Garba, da ƙafa ya zo aikin hajji daga ƙasar Hausa, bai koma ba. Shi Ammu shekara talatin ya yi yana kai wa 'yan kasuwar Bab Makka yadi a kan keke, don haka ƙafafunsa kamar na saurayi suke. Idanunsa ne suka gaza. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ganinsa zai yi ta tsukewa har ya rufe. Ranar da ya ji haka ya zo shago ya zauna kan benci, ya ce, "Ya Habibu, ina da shekara bakwai babana ya kai ni wata gonar inabi a duwatsun Shafa, inda yake aikin ban ruwa. Ina so in sake ganinta. Ba ta tagar mota ba."

Mun yi asuba a wani masallacin bakin hanya kusa da Bahra. A shingen Shumaisi ɗan sanda ya duba iƙamarmu, wato katin izinin zama, da takardar izinin da kafilina, ubangidan da ya tsaya mini, ya ba ni, ya leƙa baya ya ga kekuna, ya dubi furfurar Ammu, ya yi murmushi ya ce Allah ya ba da ƙarfi. Muka ratsa ta gefen Makka, muka kama hanyar Hada, wadda take ta naɗewa a jikin dutse har kai ya fara juyawa. Birai na zaune kan kankaren gefen titi kamar masu jiran a raba musu wani abu. Mamman ya ce, "Ku rufe gilashi, waɗannan ba su san kunya ba."

Takwas da rabi muka shiga Ɗa'ifa. Daga Jidda kilomita ɗari da saba'in ne ko kusa da haka, amma sai ka ce wata ƙasa ce. A tsakiyar zafin nan da ke dafa mutum a Jidda, nan iska ce mai sanyi ke shiga ta hannun riga. Muka karya da ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis mai zafi, da shayi, duka riyal bakwai. Mamman ya sauke mana kekuna ya tafi wurin ɗan uwansa. Ya ce gobe bayan la'asar zai same mu a Shafa.

Ɗa'ifa zuwa Shafa

Tara da rabi muka hau. Na ɗaura jan ƙyalle a bayan rigata, domin Ammu ya ce abin da ke gabansa sak yana gani, na gefe ne ya ɓace masa. Ni a gaba, shi a baya, in na hango rami in kaɗa ƙararrawa.

Kilomita ashirin da 'yan kai ne, kusan duk hawa. Bayan awa guda muka bar kwalta muka bi wata turba da ke ratsa ƙauyuka. Nan ne gonakin suka soma. An yanka jikin tudu hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa an tokare shi da katangar dutse, a kansa kuringar inabi ta hau rumfar itace. Nonnan inabi na reto, waɗansu baƙaƙe, waɗansu kore da rana ke ratsa su. An ce a waɗansu ƙasashe matse shi ake yi a yi giya. Nan ci ake yi, abin da ya rage a shanya ya zama zabibi. Babu ƙarar komai sai ta sarƙar keke da ta ruwa a cikin kwalbati. Wani lokaci sai in manta ina taka feda, in ji kamar tudun ne ke tahowa wurina.

Ammu yakan tsaya ya juya kansa a hankali daga hagu zuwa dama, kamar mai haska ɗaki da tocila. Alamu uku ya riƙe: hasumiyar dutse mai kusurwa huɗu, rijiya, da ɓaure a bakinta. Matsalar ita ce kusan kowane ƙauye yana da hasumiya. Sau uku yana cewa "Nan ne!" sau uku muna komawa kan keke. La'asar sakaliya muka isa Shafa. Muka kama ɗaki a bayan wani shagon zuma, muka ci shinkafa da kaza, muka kwanta da wuri cikin bargo.

Juma'a: gangaren Shafa

Da shida muka fita. Mai shagon zuman ya ce mu gwada kwarin da ke yamma, akwai tsofaffin gonaki. Turbar duwatsu ce mai gangara, tsakanin itatuwa gajeru masu ƙamshi irin na turare. Mun yi kamar rabin awa sai gajimare ya taso daga ƙasan kwarin. Ban taɓa ganin gajimare a ƙarƙashina ba. Ya hau a hankali, ya shafe katanga, ya shafe itatuwa, ya shafe tayata ta gaba.

Sai na ji keke ya faɗi a bayana.

Na koma da lalube. Ammu na zaune a ƙasa, ya dafe gwiwa, bai ji ciwo ba, amma muryarsa ta canza. "Halas, ya waladi," ya ce, wato shi ke nan, ɗana. "Makantar ta zo. Komai ya yi fari. Ban gan ka ba, ban ga jan ƙyallen ba."

"Ammu, ni ma ba na ganin komai."

"Kada ka lallashe ni."

"Wallahi gajimare ne. Taɓa gemunka ka ji."

Ya shafa gemu ya ji raɓa ta jiƙa shi. Sai ya fashe da dariya har da tari, hawaye na gangarowa. Muka zauna kan dutse kafaɗa da kafaɗa, makafi biyu, muna jin ƙararrawar awaki daga wani wuri da ba mu sani ba.

Da hasken ya fara dawowa, kan hasumiya ne ya soma bayyana, shi kaɗai, kamar an rataye shi a sama. Sannan rumfunan inabi, hawa bayan hawa. Muka ja kekuna muka gangara. Ga rijiya, an rufe ta da siminti an sa injin. Ɓaure babu, sai kututture. Ammu bai ce nan ne ba. Ya tsaya kawai yana juya kai.

Wani dattijo Balarabe ya fito daga ƙarƙashin rumfa da almakashi a hannu, ya fi Ammu shekaru nesa. Muka yi sallama, ya amsa. Ya dube mu, ya dubi zufar da ke fuskarmu da kekunan, sai ya ɗaga hannu ya ce, da harshe mai nauyi, "Sannu da aiki."

Na ɗauka kunnena ne. Ammu ya matsa kusa da shi har fuskarsu ta kusa haɗuwa, ya tambaye shi da Larabci wa ya koya masa. Dattijon ya ce wani Takaruni ne, haka suke kiran mutanenmu, da ya yi wa mahaifinsa aikin ban ruwa tun shi yana matashi. Kullum da safe haka yake gaishe su, har gidan duka suka ɗauka. Ya ce har yau in jikokinsa sun same shi a gona haka suke ce masa, ba su ma san yaren wa ba ne.

"Sunansa?" in ji Ammu.

"Garba. Dogo, yana waƙa in yana buɗe ruwa."

Ammu ya kama hannunsa da hannu biyu. Ni na koma gefe na yi kamar ina duba birki.

Dattijon ya zagaya da shi gonar hawa-hawa, ya nuna masa kwalbatin dutse da Malam Garba ya gina, har yanzu ruwa na bi. Ammu ya tsuguna ya bi shi da ido taƙi-taƙi, sannan ya bi shi da tafin hannu. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar kuringa, aka kawo gahawa da inabi mai sanyin safiya. Tare muka je Juma'a a ƙaramin masallacin ƙauyen. Da za mu tafi ya cika mana kwali, muka ɗaure a bayan kekena. Hawan komawa Shafa awa biyu ya ci mana, rabi a ƙafa.

Komawa Jidda

Huɗu da rabi Mamman ya iso. Muna gangara Hada rana na faɗuwa, duwatsu sun yi ja, sannan shuɗi. Ammu ya rufe ido tun daga sama. Mamman ya ce, "Baba, barci kake? Ga abin kallo yana wuce ka."

"Ba barci nake ba," ya ce. "Gwadawa nake in ga ko abubuwan da na gani sun zauna a kaina. Sun zauna."

Wajen isha'i zafin Jidda ya tarye mu tun daga bakin gari. Takwas da kwata muka tsaya a ƙofar gidan Ammu. Na sauke masa kekensa, sai ya mayar mini da kan keken a hannu.

"Riƙe shi, Habibu. Na gama."

Ya rungumi kwalin inabin da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana bin bango, ya shiga yana kiran jikokinsa su zo su ji gaisuwar kakansu.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu ba ko ƙwarzane. Na gode wa Mamman, na gode wa dattijon da ko sunansa ban tambaya ba. Ku da ke gida, in kun tashi addu'a, ku sa Ammu Salisu.