Ilu Makaɗi da Gayyar Kwanyawa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 22 ga watan Yuni, 1966, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Ilu Makaɗi a gidansa na Kwanyawa. Ba ciwo ne ya kwantar da shi ba, duka ne, kuma a gaban idona aka yi shi.

Ilu, kai da ni mun girma tare, siyasa ta zo ta raba mana rumfa. Ni ina jam'iyyar da ke mulki, kai kana ta adawa, kuma bakinka bai taɓa raga mini ba. In mun haɗu a kasuwar Karaye sai ka ce, "Mijinyawa, har yanzu ba su ba ka minista ba?" Amma shekarar da gobara ta cinye mini rumbu a Tudun Kaya, kai ka fara zuwa da dami biyu a kan jaki, ka sauke ka juya, ko ruwa ba ka tsaya sha ba.

Da sojoji suka kifar da gwamnati a watan Janairu, wakilinmu na majalisa, Malam Abdulsalami, ya dawo gida ba kujera. Masu cika masa zaure da safe suka ɗauke ƙafa. Daga baya aka soke jam'iyyu, aka hana tutocinsu da waƙoƙinsu. Damina ta sauka, ciyawa ta rufe masa gero, sai ya kira gayya.

A wajenmu ba a sa fartanya a ƙasa ranar gayya sai makaɗi ya fara buga taken mai gona. Taken Malam Abdulsalami kuwa, wanda ya samu tun yana saurayi a bakin kunyar gona, shi aka riƙa kaɗawa a tarukan zaɓensa, har kowa ya san shi daga nan zuwa Rogo. Duk makaɗan da suka ci tuwo da wannan take suka ce gangarsu ta jiƙe. Kai da ka ƙi buga masa shi lokacin yana da mota, kai ka rataya gangarka. Matarka Kande ta tare ƙofa tana roƙonka. Ka ce mata, "Ni ban zaɓe shi ba, Kande. Amma mu muka iya sauke shi, ba mai bindiga ba."

Da aka ji ganga sai mutane suka fito, namu da naku, gona ta cika. Ba mu san wanda ya kai tsegumi ba. Rana ta take sai ga mota da waɗansu masu kaki. Babbansu ya ce wannan kiɗan siyasa ne, a daina. Ka ce masa kiɗan noma ne, ka ci gaba. Ya soka wa fatar ganga wuƙar bindiga, ka koma dukan icen. Biyu suka danne ka, suka shimfiɗa hannuwanka a kan gangar, suka yi ta dukansu da gindin bindiga. Na ji ƙarar ƙashi daga inda nake tsaye. Da suka sake ka sai ka ɗaga kai ka ci gaba da taken da baki, jini na zuba daga yatsunka. A nan ne suka hau ƙirjinka da takalma.

Ban ga wanda ya fara ba. Na dai ga gona gaba ɗaya ta miƙe da fartanyoyi. Matan da suka kawo fura suka yi ta jifa da hoge da ƙwarya. Aka yi harbi, harsashi ya fasa cinyar Nasidi mai aski, amma ba wanda ya ja da baya. Aka farfasa gilashin motar, aka tsaga wa ɗayansu goshi, suka ja shi suka tsere, hularsa na kwance a cikin gero.

Muka zo ɗaukarka, ka ƙi. Ka ce gayya ba ta tashi da saura. Haka muka jingina ka a gindin ɗorawa kana aman jini, muka ƙarasa noman nan ba ganga, ba kirari. Daga nan muka kai ka gida, kwanciyar da ba ka tashi ba ke nan. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma ban yafe wa wanda ya kai tsegumin ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kande, da 'ya'yanka Lukumanu da Lauratu, da 'yan'uwanka na Rogo, da duk manoman Kwanyawa. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka.

Ni na yi maka wanka, Ilu, na ga abin da suka mayar da hannunka na dama, ko yatsa ɗaya ban iya miƙewa ba. Ina roƙon Allah, ranar da za a miƙa wa kowa littafin ayyukansa, Ya mayar maka da wannan hannu lafiyayye, ka karɓi naka da shi. Amin.