Sanda Mai Agogo da Kwamfutar Hansai

Duk wanda ya zauna a Kurmin Mashi ya san Sanda mai agogo. Mutumin Damagaram ne, can Nijar, ya sauka Kaduna tun gashinsa na baƙi wuluk, ya kafa ɗan tebur mai gilashi a bakin titi yana gyaran agogo. Yau furfura ta cinye gemun, amma har gobe "ɗan Nijar" ake ce masa. In ya yi subul da baka ya ce yara sun taso daga lakwal, sai a kwashe da dariya a ce, "Makaranta dai, Malam Sanda." Shi ma yakan taya su dariyar, in ya koma ɗaki kuma abin ya tsaya masa a rai.

Sana'ar tasa kuwa wayar hannu ta daɗe da karya ta. Wa zai kawo agogo gyara alhali lokaci na cikin aljihunsa? Sai dai Sanda ya yini yana kallon Keke Napep na wucewa, la'asar ta yi ya tattara ƙananan sukundirebobinsa ya nufi gida.

A da ana jiran sa a gidan. Matarsa Hansai sakatariya ce a wani ofis a Damagaram kafin ta biyo shi Kaduna, kuma ba ta zo hannu rabbana ba. Wata ƙatuwar kwamfuta ta tebur ta taho da ita a naɗe cikin bargo, har maƙwabta suka ɗauka talabijin ce. Da ita take buga wa mutane katin ɗaurin aure da na suna. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Aziza, wadda yanzu take aure a Damagaram. Da yake 'yar fari ce, Hansai ba ta taɓa kama sunanta ba saboda kunya, sai dai ta ce "yarinyar nan". Shi ma Sanda ba ta kiran sunansa, "Mai agogo" take ce masa.

Ciwon da ya ɗauke ta bai ja lokaci ba. A gadon asibiti ta ce masa, "Hotunanmu duk suna cikin kwamfutar, har da masu motsi. Makullin, sunan yarinyar nan ne."

Bayan rasuwarta ya lulluɓe kwamfutar da zanenta, bai ko iya kallon wajen ba. Damina biyu suka wuce a haka. Wata safiya yana shan shayi ya so ya tuno yadda take kiran sa, ya nemi muryar a kansa ya rasa. Fuskar tana nan, kalmomin suna nan, muryar ce babu. Tsoro ya kama shi sosai, don ya ga kamar yanzu ne za ta tafi da gaske.

Ya yaye zanen. Ashe rufin ya yi yoyo, ruwa ya lalata kibod, wato allon haruffan da ake dannawa. Ya je kasuwa ya sayo sabo, ya jira aka kawo wuta, ya kunna. Kwamfuta ta nemi kalmar sirri. Da yatsa ɗaya, yana duba kowane harafi a tsanake, ya rubuta Aziza. Ɗige-ɗige biyar suka bayyana, don ba ta nuna abin da mutum ya rubuta, sannan ta ƙi. Ya gwada da manyan baƙaƙe, ya gwada da ƙanana, ya ƙara shekarar haihuwa. Ta ƙi ƙememe.

Wani mai gyara a kasuwa ya ce masa, "Baba, abu mai sauƙi ne, a share komai a zuba sabo." Sanda ya rungumi kayansa ya hau keke ya dawo.

Daga nan fa ya zama injiniyan dole. Mai agogo ai duk abin da ya ƙi tafiya, a ganinsa ƙura ce ko sukurun da ya kwance. Ya buɗe cikin kwamfutar, ya goge fanka da buroshin haƙori, ya canja ɗan batirin da ya ga irin na agogo ne, ya zare wayoyi ya mayar. Sai da ya san cikin injin nan fiye da yadda ya san hanyar Rigasa. Kowace yamma bayan ya ci abincin da ya sayo a leda, sai ya zauna gabanta ya rubuta sunan 'yarsa, ita kuma ta ce masa a'a. Ran Juma'a in Aziza ta kira, yakan ce lafiya lau, bai taɓa faɗa mata ba. Ta yaya uba zai ce wa 'ya ya manta muryar uwarta? Har ya fara zargin ko zafin ciwo ne ya sa Hansai ta ruɗe, wannan zargin kuma ya fi komai ci masa rai.

Wata Asabar mai sayen gwangwani ya shigo layin da amalankensa. Rahila, malamar firamare 'yar Zonkwa da ke haya a ɗakin da ke kallon nasa, ta leƙo. "Baba Sanda, ba ka da tarkacen da za ka rabu da shi?"

Ya fito da tsohon kibod ɗin yana jujjuya shi, ya kasa miƙawa. Wasu haruffan har sun koɗe da yatsun Hansai. Rahila ta karɓa ta duba, sai ta fashe da dariya.

"Kai Baba! Ashe har kibod ɗinku ɗan Nijar ne? Dubi A a can sama, ga Z kusa da ita. Mu namu Q da W ne a wurin nan."

Sanda ya karɓe abinsa, ya shiga ɗaki ya ajiye shi gefen sabon. Gaskiyarta. Na Hansai tsarin Faransanci ne, sabon na Ingilishi. Ya hau lissafi irin na masu gyara. Kwamfutar ba ta san an canja mata kibod ba, har yanzu da tsarin gida take ji. Duk watannin nan yana danna inda aka zana A, ita kuwa Q take karɓa. Sunan daidai ne tun ranar farko.

Ya daina karanta haruffan sabon, ya bi wuraren da suka koɗe a tsohon. Ya danna Q, W, I, W, Q. Sunan da Hansai ba ta taɓa furtawa da baki ba, a nan take rubuta shi kowace safiya. Allon ya buɗe.

Ya ga hotuna birjik, amma bai tsaya ba sai da ya kai kan wani mai motsi. Ya zaci zai gan ta. Ashe ita ce ta riƙe wayar tana ɗauka. Kansa ya gani, ranar wata Sallah, da baƙin gemu, ya sunkuya kan agogo a ƙofar wannan ɗakin. Hoton na ɗan girgiza saboda dariyar da take ƙoƙarin dannewa. Sai murya ta fito daga bayan hoton, siririya, da karin harshen Damagaram.

"Mai agogo! Ɗago mana, yau ma aiki?"

Rahila na shanya a tsakar gida ta ji tsohon ya amsa da ƙarfi, shi kaɗai a ɗaki, tun kafin na cikin hoton ya ɗago kai.

"Na'am."