Azarar Muntaka Magini

Muntaka magini ne, ɗan magini, a wani ƙauye da ke gaɓar kogin Challawa a ƙasar Ƙaraye. Yana da shekara hamsin da ɗoriya aka ce su tashi, ruwan madatsar da ake ginawa zai cinye garin. Aka ba su fili a kan tudu wajen Unguwar Hajji.

Maƙwabta suka bar tsofaffin gidajensu a tsaye, suka tafi sayen kwano da siminti. Shi kuwa sai ya hau soron mahaifinsa da gatari ya fara ɓamɓare rufi. Azara yake so, itacen giginyar nan da ake jerawa a ɗora ƙasa a kai. Ta gidansu ta girme shi, gara ba ta taɓa cin ta ba, kuma ya san babu sauran giginya irin wannan a yankin.

Jaki ɗaya gare shi. Azara huɗu a sawu, sawu biyu a yini, shi ma da guda a kafaɗa. Ya kwashe ƙyamare, indararo, har da dutsen dokin ƙofa. Kafin ya gama damina ta sauka, hanya ta yanke, kusan rabin azarar ta zauna a can.

Wadda ya tsira da ita ma bakinta ya ruɓe, dole ya datse. Ɗakunan suka fito 'yan matsattsu. Ranar tarewa gadon matarsa Hajo ya ƙi zama, sai da ya rage masa tsawo da zarto. Hajo ta daɗe tana kallonsa.

"Malam, mu da muka baro gari, sai gadon ma ya ragu?"

Ya ce ta yi haƙuri, iyakar abin da itacen ya bayar ke nan.

Da bazara ta zo, ɗakunan kwano suka zama kamar tanda. Waɗanda suka yi masa dariya su ne ke cika zaurensa bayan azahar, suna yaba sanyin wurin. Amma babu wanda ya ce ya gina masa irinsa. Aikin da yake samu bai wuce tare katanga ko gyaran rumbu ba.

Soro kuma yana son yaɓe duk shekara. 'Ya'yansa maza biyu suna Kano, ɗaya direba, ɗaya tela. Shi yake kwaɓa ƙasa, shi yake hawa tsani, ga kafaɗar da ba ta koma daidai ba tun jigilar nan. In ya sauko yakan jima zaune yana murza kafaɗar.

Wata shekara ruwa ya ja baya sosai. Jibo masunci ya ce ya hango kan katangar tsohon gidansu Muntaka, ya tambaya ko a ciro masa sauran azarar.

Muntaka ya ce, "Bar ta, Jibo. In ka kawo, wa zai ɗora?"

Ya rasu a 1998, bayan girbi. Hajo ta ci gaba da zama a gidan, tana ɗaukar mai yaɓe daga Zoza kafin kowace damina.