Ranar da Kaka ta manta da mutuwa

A gidanmu tafiya kamar ciki take, ba a shelarta sai an sauka lafiya. Dokar Inna ce, mahaifiyata, kuma ba haka kawai ta kafa ta ba. Shekarun baya na taɓa samun gurbin karatu a waje, muka yi abin da mutanen Lafia suka iya. Aka dafa shinkafa, aka yanka kaji, malamai suka yi addu'a, dangin marigayi babana suka ciko mota daga Keana suka zo taya murna. Har wani baffana ya ja ni gefe ya gaya mini lambar takalminsa. Ba a jima ba ofishin jakadanci ya dawo mini da fasfona babu biza. Na koma Shabu na ci gaba da koya wa ɗalibai yadda ake gane ƙasar noma, duk ɗan acaɓan da ya ɗauke ni sai ya waiwayo ya ce, "A'a, Bature, har an dawo?"

Ni na san wata takarda ce ban haɗa ba. Inna kuwa ta san baki ne, ta kuma san bakin wa: matar baffana ta Keana, wadda ta fi kowa rangaɗa guɗa ranar walimar.

Da Allah ya sake kawo wata damar, karatun shekara huɗu a wata ƙasar Turai mai sanyi, inda za a koya mini halin ƙasar da nake takawa tun ina rarrafe, biza ta fito ba gardama. Inna ta kira ni ɗaki, ta rufe ƙofa, ta rufe taga, ta ƙure muryar rediyo, sannan ta ce ko inuwata kada ta ji sai na sauka.

Na ce, "Har Kaka?"

Ta ce, "Ita ce ma ta farko. Ba ta da mugun nufi, amma bakinta ba shi da murfi. In ta ji da hantsi, kafin azahar waccan matar ta ji. Ka yi mini alkawari."

Na yi mata. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, kuma ni ma saran bai bar ni ba. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. Kaka ita ta haifi babana. Wurinta aka kai ni yaye, ta ƙi mayar da ni sai da na isa shiga makaranta. A bayanta na san wurin dafa gishiri na Keana, inda mata ke kankaro ƙasa mai gishiri, su tace ta a tukwane, su dafa ruwan har ya ƙafe. Yanzu ta tsufa tukuf, kunne ya yi nauyi, ba wanda ya san shekarunta har ita kanta. Shekara huɗu a wurin irinta ba wasa ba ce. Abin da nake so bai fi in durƙusa gabanta in ce zan yi nisa ba, ta yafe mini, ta sa mini albarka.

Muka shiga shiri a asirce. Asirin ya fara yoyo ne a layin 'yan gwanjo. Ana tsakiyar zafin bazara, irin wanda ke sa mutum ya yi wanka ya fito yana neman wani wankan, ni kuwa na tsaya ina gwada wata jibgegiyar rigar sanyi, gumi na bin ƙeyata.

Mai kayan ya ce, "Oga, wannan na ina ne?"

Na ce, "Jos za ni."

Ya dube ni, ya dubi rigar. "Jos bai kai haka ba fa. Ɗauki wannan mai gashi a wuya. Wane country ne sef?"

Inna da ta kafa dokar ita ta fi kowa karya ta, ba da baki ba. Ta kai kuka da busasshiyar kuɓewa da agushi injin niƙa na unguwa, abin da zai ishi gidan biki. Ta shanya daddawa a tsakar gida. Ta sa aka kawo mata banda daga bakin kogi, ta ƙara busar da shi har maƙwabta suka fara rufe tagoginsu. Duk wadda ta leƙo ta tambaya sai ta ce wata 'yar'uwarta ce a Abuja ta yi sautu. Mu da ba mu da ko kare a Abuja. Akwatin kuma, da yake ba mu da sikeli, na lulluɓe shi da buhu na kai wa mai sayen riɗi na bakin titi ya auna mini. Ya ɗora, ya duba, ya ce in cire manjan da ke ciki, 'yan jirgi ba sa bari.

Abin da ya ba ni haushi, ya kuma ba ni dariya, ba wanda ya fito ya tambaye ni. Kowa ya san asiri ne, kowa yana taya mu riƙewa. Mai shayi ya daina karɓar kuɗina, wai wata rana a tuna da shi. Limamin masallacin unguwarmu, bayan sallar asuba, ya roƙi Allah ya kiyaye matafiya, waɗanda suka faɗa da waɗanda ba su faɗa ba, jama'a suka ce amin suna kallon silin. Inna kuwa kullum sai ta ce mini, "Ka gani ko? Shiru ya fi. Har yau ba wanda ya sani."

A cikin wannan hali dabara ta zo mini, har na yaba wa kaina wayo. Kaka tana da wata al'ada da ta shafe sama da shekara goma tana yi. Duk ranar da na je gaishe ta, in na tashi tafiya sai ta kama hannuna biyu, ta ce jikin nan ya ƙare, da wuya in dawo in same ta. Ta ce in yafe mata dukan da ta yi mini ina yaro, ita ma ta yafe mini duniya da lahira. Ta tofa mini addu'a a tafin hannu, rabi da Hausa rabi da Alago, ta shafa mini a ka, ta ƙulle mini gishiri a ƙyalle. Ko ruwa na biya sha a hanyata ta wani wuri sai an yi wannan ban kwanan, ba a rage ko harafi. Ni kuwa dariya nake yi, in ce mata, "Ke da za ki binne mu duka." Wani lokaci ma ina duba agogo, don kada motar Lafia ta cika.

To, na ce a raina, ga sallama kyauta. In je kamar kullum, ta yi abinta kamar kullum, in amsa da zuciya ɗaya wannan karon. Na sami yafiya da albarka, alkawarin Inna kuma ko ƙwarzane bai yi ba.

Ana saura kwana biyu in tashi na shiga motar Keana. Tun daga ƙofar gida na jiyo muryarta tana yi wa wani faɗa. Na same ta a tsaye, ba sanda, ta ci ɗamara da gyale, tana nuna yadda za a gyara garken awaki. Akuyarta ce ta haifi 'yan biyu da daren jiya, gwiwar da ta hana Kaka sakat tun damina kuma ta wayi gari ta sake ta.

Ta ce, "Mijina ya zo! Ka zo hannu biyu ko? Miji ke nan, sai gemu ba cefane."

Tsakanin kaka da jika dama sai tsiya. Na ajiye mata sukari da sabulu, ta ce kishiyarta ta Lafia ta cinye mai kyan ta aiko mata da saura, alhali ta san ko budurwa ba ni da ita. Ta ci tuwo ta nemi ƙari. Ta ba ni labarin wata ƙawarta da suka yi faɗa a kan tukunyar tace gishiri tun kafin a haifi babana, ta ce har gobe ita ke da gaskiya. Ban taɓa ganin ta da ƙarfi haka ba cikin shekarun nan, ban kuma taɓa jin takaicin lafiyar wani ba sai ranar.

La'asar ta yi. Na fara lalube.

"Kaka, ya jikin?"

"Garau. Kamar na yi tsalle."

"Ƙirjin fa? Kin ce yana yi miki nauyi."

"Ya tafi."

"Ba kya jin ko ɗan jiri?"

Ta zuba mini ido. "Kai, mutuwa kake yi mini fata? So kake na mutu ka kawo yarinya? To ba inda za ni. Ka gaya mata."

Matan gidan suka kwashe da dariya, har da matar baffana, wadda ke tsince wake a gefe. Na tashi zan tafi, na yi jinkiri wajen sa takalmi, na cire na sake sawa. Na miƙa mata hannuwana biyu da kaina. Ta buge su, ta ce in kauce ina tare mata haske, tana so ta ga ko ƙaramin ɗan akuyar yana kama nono. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Na dubi matar baffana, na tuna fuskar Inna da rediyonta, na haɗiye.

Ina bakin zaure Kaka ta ɗaga murya. "Ranar Asabar ka zo mini da kwaɗo na garken nan. Mai kyau fa, ba irin na wancan karon ba. Akwai ɓarayi."

Na ce to. A mota na zauna kusa da taga, na juya wa mutane ƙeya har Lafia.

Ranar tafiya Inna ta ce mu fita da sassafe, kafin idanu su buɗe. Muka isa tashar motar Abuja muka tarar da rabin unguwa. Mai shayi ya ce saƙo ya zo bayarwa. Liman ya ce wucewa yake yi. Maƙwabciyarmu ta ce ta zo duba ko kuɗin mota ya sauka, ga kuma dambun nama da ta ga ya yi mata yawa a gida. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙe hannuna suka ce a gaida mutanen Abuja, Allah ya sa a gama abin da aka je yi, ko shekara nawa zai ɗauka. Inna ta tsaya gefe, ido ya yi ja, amma fuskarta ta wadda ta ci nasara ce. Da direba ya tayar da mota ta sunkuyo ta taga ta ce a hankali, "Sai ka sauka fa. Kada ka kira kowa."

Muka wuce Shabu, muka wuce Akwanga, ina ta lissafin waɗanda suka yi mini sallama. Mai gwanjo ya sani, mai riɗi ya sani, 'yan acaɓa sun sani. Duk faɗin jihar nan mutum ɗaya muka iya ɓoye wa, ita ce kuma kaɗai nake bukatar ta sani.

A filin jirgi, bayan an karɓi akwati an buga mini hatimi, na zauna da rigar mai gashi a wuya a kan cinyata. Na ce wa kaina wanda ya wuce masu hatimi ai kamar ya sauka ne, Allah ma ya ga zuciyata. Kaka ba ta da waya, ta ce ba ta magana da wanda ba ta ganin bakinsa. Waya ɗaya ce a kusa da ɗakinta, ta matar baffana. Ita na kira.

Na fara kame-kame, ta katse ni. "Ka kai airport? Allah ya kiyaye hanya. Ai mun ji tun wata ɗaya. Mun ga kai ba ka gaya wa tsohuwa ba, muka ce ba mu za mu gaya masa ba." Hausarta ke nan, kowa namiji ne.

Na ce, "Anti, don Allah ki kai mata wayar."

Na ji takunta, na ji kukan ɗan akuya, na ji Kaka tana cewa wa ye. Aka kara mata a kunne. Na manta da inda nake, na buɗe murya a gaban mutane masu kwat da jakunkuna.

"Kaka, ni ne! Tafiya zan yi, nesa! Ki yafe mini!"

"Me yake cewa? Ba na ji. Abin nan ƙara kawai yake yi."

Anti ta karɓa, na ji tana yi mata ihu a kunne da Alago, sannan da Hausa. "Mijinki ne! Ya ce zai yi tafiya! Ya ce ki yafe masa!"

Sai na jiyo muryar Kaka daga nesa, garau, har da 'yar dariya.

"Yafiya a waya? Me ya ci mini? In ya yi laifi ya zo da ƙafarsa ya durƙusa, na ga idonsa. Ki ce ya je ya dawo, ina nan. Ina za ni?"

Anti ta dawo kan wayar, muryarta ta sauya. Ta ce, "Ka ji shi ko?"

Na ce na ji. Aka fara kiran masu shiga jirgi, mutane suka tashi suka yi layi, ni ina zaune ina kuka kamar yaron da aka kai yaye, wata mata ta miƙo mini hankici. Na roƙi Anti ta sake kara mata wayar, ko ba za ta ji ba. Ta kara. Ina jin numfashinta da motsin tabarma, na faɗi duk abin da ita ta saba faɗa mini, tun daga farko har ƙarshe, ban rage ko harafi ba. Na ce na yafe mata dukan, na yafe mata duniya da lahira. Na tofa addu'ar a tafin hannuna na shafa wa kaina.

A damina ta biyu da tafiyata ta rasu, ranar wata Talata, bayan ta ci tuwonta.