Ƙafar Zailani ta Dama

Zailani ɗan yayana ne, a Ba'awa aka haife shi. Ubansa malamin allo ne, tun yaron yana rarrafe ya koya masa cewa komai da dama ake farawa, cin tuwo ne, sa takalmi ne, shiga masallaci ne. Hagu ta banɗaki ce. Ya sauke Alƙur'ani da wuri, a dandali kuwa ba mai kayar da shi a langa.

Ya yi elementare ya yi midil, aka ɗauke shi horon malanta. Shekarar da na fita takaba aka kawo su Kiru gwajin koyarwa, su takwas. Ya sauka gidana, da yake dangata tana kallon filin makarantar. Ta nan na ga abin da ban so gani ba: ƙarti har da masu gemu cikin gajeren wando, gwiwa a waje, suna tsallen kwaɗo a gaban yara. Mai koya musu wasannin wani tsohon soja ne, Saje Bashir. Usur ɗinsa guda ne, ya yi jawur da tukar goro, in ya busa sai ya miƙa wa na kusa da shi, ko a riga ba a gogewa. Ranar da na lura, furata ma ban iya sha ba.

Dokar Saje ita ce maci da ƙafar hagu ake tashi. Zailani ya iya jera yara, ya iya raba su gida biyu su yi tseren miƙa sanda ba kuka ba faɗa. Amma da an ce "Lef," wato hagu, sai ta damansa ta riga, yara arba'in su bi shi, layi ya hargitse. Saje ya laƙaba masa Alaramma, ya rantse in ya kuskura ya yi haka ranar jarrabawa ba shi ba takarda, sai ya koma Ba'awa noman dawa.

Na ce ya gaya wa mutumin gaskiya, ba haka aka rene shi ba. Ya ce, "Gwaggo, shi ba ya tambayar yadda aka reni mutum."

Sai ya yanko tsumagiya. Kwana tara, bayan la'asar, yana tsakar gidana yana kira wa kansa lef, duk sanda ta dama ta motsa ya zabga mata. Ƙwaurin ya yi rudu-rudu har ƙuda na bi. Na daina fitowa, sai in zauna a ɗaki da carbina ina jin ƙarar dukan.

Ranar jarrabawa bai kuskure ko sau ɗaya ba. Aka ce shi ne na ɗaya, Doguwa za a tura shi.

Ya dawo da murnarsa, ya yi sallama, ya shigo ɗakina da hagu. Bai ma sani ba.

Na ce, "Koma ka sake shigowa."

Ya koma bakin ƙofa. Ya ɗaga ta dama, ta yi rawa ta koma ƙasa. Ya sake ɗagawa, ta sake komawa. Ya daɗe a tsaye yana kallonta, sannan ya ce a hankali, "Gwaggo, tsoro take ji."

Tuwonsa nan waje na miƙa masa. Yanzu yana Doguwa, yara sittin ne a hannunsa, an ce duk da hagu suke tashi.